Gafakar da Malama Sa'adatu ta bari a hannuna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya daga Karaye cewa Malama Sa'adatu ta rasu.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga ofis, in fito, in sake komawa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ma'aikaciyar laburare ce, ni kuma ɗan kwamfuta. Aiki ne ya haɗa mu: muna koya wa manhaja karanta rubutun ajami na hannu, yadda mutum zai rubuta kalma ɗaya a wayarsa, ta nemo masa ita a cikin tsofaffin littattafai. Abin da masu bincike ke ta rububinsa ke nan yanzu, na'ura ta karanta, laburare ya tsara.

Sai dai na'ura ba ta iya sallama ba.

Yawancin littattafan nan ba a hannun maza suke ba. Suna ɗakunan tsofaffin mata, a ƙasan adaka, gadon uba ko na miji. Ni iyakata zaure. Ita ce ke shiga ciki, ta zauna a tabarma, ta taya ɓarar gyaɗa, a yi hirar jikoki. Sai ta je gida sau da yawa ba ta ko ambaci littafi ba. In na yi ƙorafi ta ce, "Kai dai Injiniya, gaggawarka ta fi ta netwok."

Ban taɓa zama injiniya ba, ita ta naɗa ni. Kullum ta dawo daga garin Zoza sai ta zo mini da ƙullin ƙuli-ƙuli, wai kada yunwa ta sa in ɓata mata aiki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ta shigo da wata gafaka, jakar fatar nan ta littafi, duk ta yi baƙi don tsufa. Ta wata dattijuwa ce a Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, Iya Dije. A ciki akwai littafin waƙoƙin wa'azi da mahaifinta ya rubuta da hannunsa. Iya ta daɗe tana hanawa, daga baya ta yarda bisa sharaɗi guda: a dawo mata da shi Juma'ar nan, don ba ta samun nutsuwa in ba ya ɗakinta.

Na duba takardun, na ga gara ta ci gefe, tawada ta dushe. Na ce, "Malama, wannan ba zai ƙare kafin Juma'a ba. A roƙe ta ta ƙara mana mako."

Ta ce, "A'a. Na ce mata Juma'a. Kwamfutarka za ta iya jira, tsohuwa ba za ta iya ba."

Yau Alhamis. Ko rabi ban ɗauki hotonsa ba.

Gaskiya zuciyata tana ta raya mini in riƙe shi. Wa zai tambaya? Na san in ya koma ɗakin nan, da wuya ya sake fitowa, don Iya Dije ba ta san ni ba, da Malama ta saba. Sauran shafukan kuwa gara ce za ta karance su. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Amma na kashe na'urar, na mayar da takardun yadda ta jera su, na ɗaure gafakar. Gobe zan kama hanyar Ruwan Bago. Zan tsaya a zaure kamar kullum in yi sallama, ban san ma da bakin da zan faɗa wa tsohuwar nan dalilin da ya sa ni ne na kawo ba.

Allah ya jiƙan Malama Sa'adatu, ya haskaka kabarinta, ya karɓe ta yadda ta riƙe amanar mutane. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni ma ku sa ni, gobe Juma'a.