Yadda Baba Lawali Ya Zaɓi Karo

Ku da kuka taɓa yin baƙo da kakana Baba Lawali kun san ba ya fara gaida mai gida. Ƙofa yake fara gaidawa. Sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya ce, "Sannu, baiwar Allah, wa ya cuce ki haka?" Bayan nan ne zai waiwayo ya tambayi lafiyar iyali. Ranar da aka kai shi wurin likita ma, kafin a auna shi ya riga ya auna teburin likitan, ya gaya masa teburin ba zai ga damina ta gaba ba.

Kafinta ne, duk Birnin Damagaram an san hannunsa. Amma cikin abin da ya sassaƙa ba wanda yake ji da shi kamar ɗakin girkin kakata Iya. Tun kafin a haifi babana ya jera masa kantoci da akwatunan ajiya na katakon maɗaci, daga ƙasa har rufi. Hayaƙin shekaru ya bi su ya mayar da su baƙi ƙirin. Na taɓa ɓatar da ƙanena a ɗakin da rana tsaka, sai da ya yi atishawa muka same shi. Mamana tana cewa ƙarya nake, amma ai ba ta nan ranar.

Abin ya daina ba mu dariya lokacin da yanar ido ta fara rufe wa Iya gani. Wata rana ta zuba sukari a miyar kuka, muka ci muka yi shiru. Wata rana kuma ta yanki yatsanta tana yanka albasa, ba ta ma gane ba sai da na ga jini a faranti. Babana ya ce ya isa haka, Iya ta huta, mamana ta karɓi girki. Iya ba ta yi musu ba. Sai ta riƙa zama a bakin ƙofar ɗakin tana sauraren tukwanenta a hannun wata, tana tsinkar zogalen da ba wanda ya nema. Tuwon da aka ba ta ma rabi take ci.

Da babana ya ga haka sai ya ce to a haskaka ɗakin, ko za ta iya komawa. Ya samu Baba Lawali a zaure ya ce a cire katakon.

"A fara cire ni," in ji Baba. "Ni ma na tsufa na yi baƙi."

"To a shafa masa farin fenti."

"Maɗaci amarya ne da za a yi masa hoda?"

Da ƙyar ya yarda a manna karo, falankan tangaran ɗin nan masu sheƙi, a bangon da ke bayan murhu da wurin wanke-wanke. Ya ce bango ba aikinsa ba ne, na magini ne, maginin kuwa ya rasu, ba zai ji haushi ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: shi zai zaɓa.

Ni ya ja zuwa kasuwa, wai amaryarsa ce ni, in riƙe masa sanda. Muka shiga shagon wani Bakano da yake kiran karo tayil. Mutumin ya ɗauko wani fari tas ya ce, "Baba, wannan ake yayi."

"Wannan na banɗaki ne. So kake matata ta riƙa tuƙa tuwo tana neman buta?"

"To ga mai furanni."

"In kyankyaso ya hau, wa zai raba shi da fure?"

"Ga mai ruwan toka, ɗan waje ne."

"Toka muna da ita a gida, kyauta."

Bakanon ya dube ni kamar ni zan cece shi. A ƙarshe Baba ya sa shi ya tattaro gutsattsarin kowane iri daga cikin fasassun da ke bayan shago. Na ɗauko buhun a ka har gida, tun ranar nake jin na rage tsawo.

A gida ya jera gutsattsarin a jikin bango, ya ɗebi miya a ludayi ya watsa wa kowanne. Na ce, "Tsoho, miyar rana ce fa." Ya ce bango ma ɗan gida ne, yana da rabo. Washegari ya goge, wanda ya riƙe maiƙo ya jefar da shi.

Sannan ya kira Iya ya zaunar da ita a kujerarta ta gaban murhu. Ya ɗaga wuƙa a gaban gutsure na farko.

"Mariama, me na riƙe?"

"Muciya."

Ya matsa gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ludayi, tana cewa maburgi. Da ya kai kan wani mai launin man shanu, ba ya ƙyalli da yawa, sai Iya ta ce, "Wuƙa ce, Malam. Kuma ka riƙe ta a juye, kamar ba kafinta ba."

Shi aka saya.

Mai manna karo ya gama aikinsa, ya yi kyau ƙwarai in an kunna fitila. Amma da safe kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ɗakin ya koma gidan jiya. Iya ta shiga tana lalube, ta ce, "Ya yi haske, madalla," don kada mu ji nauyi. Baba ya daɗe a tsaye yana kallonta. Can ya ce da ni, "Amarya, karo ba ya haihuwar haske. Aro yake yi, kuma ba wanda ya ara masa. Ɗauko mini guduma."

Babban akwatin bangon gabas ya nufa, mai ƙofofi da zane, wanda ya yi wa Iya shekarar da aka kawo ta gidan. Ya hana kowa taimaka masa. Ƙusa bayan ƙusa ya zare, yana nishi, har akwatin ya rabu da bango. Ashe taga ce a baya. Ko babana bai san da ita ba. Da ya ɓalle ta, hantsi ya faɗo a kan karon ya watsu ko'ina, har na ga ashe tukunyar da nake wankewa kullum shuɗiya ce.

Babana ya shigo ya tarar da akwatin a tsakar gida. "Baba, me ya same shi?"

"Gara ta ci shi."

Baba Lawali ne fa, mutumin da ya cika Damagaram da cewa gara ba ta kusantar maɗaci saboda ɗaci. Na durƙusa na duba, ko huda ɗaya babu. Ya harare ni ya ce, "Irin ta ciki ce, ba a ganinta."

Iya kuwa ta tsaya cikin hasken ta ƙura masa ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, ashe haka ka tsufa?"

"A mayar da akwatin," in ji shi.

Ba a mayar ba. Ranar Iya ta tuƙa tuwo da kanta, ta cinye nata tas. Tuwonta Baba Lawali ya ci gaba da ci har daminar bara da Allah ya karɓi abinsa. Har yanzu da hantsi take girki, lokacin da rana ke shigowa, ba ta yarda a taya ta sai yankan albasa.

Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya yafe masa. Ya yalwata masa makwancinsa, ya cika shi da haske. Iya kuma Allah ya bar mata sauran ganinta. Amin.