Yoyon Ruwan Waifa a Motar Baba Kunkuru

Baba Kunkuru ake kiransa a layinsu, kuma ba don komai ba sai don tafiyarsa a kan titi. Mai keke yakan wuce shi har ya waiwayo ya gaishe shi. Sunan bai taɓa damunsa ba. Tun yana saurayi yake bin manyan motoci, ya yi karen mota, ya zama direba, ya ga abin da gudu yake yi wa mutane. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas, ya koma kai yaran unguwa makaranta da ɗauko su. Iyaye suna ba shi 'ya'yansu hankali kwance, shi kuwa wannan amanar ita ce abin alfaharinsa a duniya.

A 'yan watannin nan ne abu ya fara lalacewa. Titi ya koma yi masa dishi-dishi, musamman in rana ta bugi gilashin gaba. Sai ya riƙa jan sandar waifa mai share gilashi yana fesa ruwa, ya fesa, ya ƙara fesawa. Rannan a mararraba ya ja sandar, ko ɗigo bai fito ba, waifa ta dama dattin da ke gilashin, saura ƙiris ya hau kan wata mata mai tura baro. Ya taka burki, yara suka kifa kan juna suna ihu. Ba wanda ya ji ciwo, amma labari ya isa gida kafin shi.

'Yar autarsa, wadda ke aure a bayan kasuwa, ta zo da yamma ranta a ɓace. Ta ce, "Baba, don Allah mu je a duba idonka. 'Ya'yan mutane ne fa a motar nan."

Ya ce, "Idona lafiyarsa ƙalau. Tankin ruwan waifa ne ke yoyo. Na cika shi da safe, kafin azahar ya ƙafe. Wa zai ga hanya ta gilashi mai datti?"

Gaskiya ya faɗa, akwai yoyo, kuma ya riƙe wannan gaskiyar da hannu bibbiyu. In yoyo ne, gyara ne na rabin yini. In ido ne, aikinsa ya ƙare, kuma bai san abin da zai yi da kansa ba in ya tashi da safe babu sitiyari a gabansa. Tsoro ne fal cikinsa, ya mai da shi faɗa.

Ranar da babu makaranta ya fito da kayan aikinsa ƙofar gida. Bai yarda ya kai wa bakanike ba, don kada a tsaya ana kallon yadda yake laluben abu. Ya ɗebo bular wankin matarsa ya jiƙa a ruwa, ya cika tankin da shi don yoyon ya nuna kansa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ya koma inuwa ya zauna jira.

Matarsa ta fito da bokiti ta ce, "To, yau kuma motar za a yi wa wanki da bulata?"

Ya ce, "Ke dai duba min kwalin can. Gwiwata ba ta son durƙuso."

Ta dube shi, ta dubi gwiwar. Ta leƙa ta ce a bushe yake. Ya gyaɗa kai, ya ce to ba tankin ba ne ya fashe, ba kuma robar da ke gindin famfon ba, don da su ne da tuni kwalin ya jiƙe tun motar tana tsaye. Saura tiyo. Ya ɗaga bonet, ya sa ta shiga ta murɗa makulli ta ja sandar. Ɗan famfon ya yi ƙugi, alamar yana da rai, amma abin da ya kai gilashi bai fi tofin yawu ba.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Ga shi can yana gangarowa, Malam, shuɗi shar, wajen da bonet ke lanƙwashewa."

Ya ƙura ido wurin, bai ga shuɗin komai ba. Sai ya bi siririn tiyon da yatsa tun daga tanki, a hankali, har ya ji sanyin ruwa a hannunsa. A daidai inda tiyon ke naɗewa duk lokacin da aka buɗe bonet aka rufe, robar ta bushe ta tsage. Ya yi dariya ta farko a makon nan, ya ce, "Kin gani ko? Ina Auta take!"

Ya yanke wurin da ya tsage da wuƙa. Ya ciro bututun tsohon biro ya gutsure, ya tsoma bakunan tiyon a ruwan zafi har suka yi laushi, ya zura su a kan bututun ta kowane gefe, ya ɗaure da waya. Hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka zo zura allura a 'yan ramukan feshi don fitar da datti, sai ya yi ta caccakar fenti. Matar ta karɓi allurar ta yi masa.

Ya zubar da ruwan bula, ya zuba mai tsabta da ɗan sabulu, ya rufe bonet ya hau kujerarsa. Ya ja sanda. Ruwa ya feso da ƙarfi, waifa ta share har gilashin yana ƙara. Matarsa tana tsaye a gaban mota da bokitinta. Yana ganin tsayinta da launin mayafinta, amma fuskarta ta narke masa.

Ya ce, "Akwai sauran maiƙo a jikin gilashin."

Ta ce, "Tas yake, Malam. Har furfurar gemunka nake gani."

Ya ƙara fesawa, ya ƙara, har tankin ya kusa rabi. Sannan ya saki sandar, ya sauke gilashin gefe, ya fito da kansa waje ya dube ta, babu komai a tsakaninsu sai iska. Fuskar tana nan yadda take, dishi-dishi. Ya daɗe a haka, wuyansa a waje.

Da ya mai da kansa ciki ya zare makullin, ya ce, "Ki kira Auta. Ta gaya wa iyayen yaran su nemi wani. Gobe ta zo ta kai ni asibitin ido."

Matar ta ce, "A motar za ku?"

Ya ce, "A motar. Amma ta samo direban da zai ja mu."