Mu'minatu Mai Jakar Tambayoyi, da Ƙaryar da Anka Rubuta a Kanmu

Ni Atu ce, ta Fakku. Ban yi boko ba, faɗa nika yi ana rubutawa, kuma na hana a sassauta mani ko kalma guda.

Shekara goma sha fuɗu Malama Mu'minatu ta Sanyinna ta yi tana hawa mashin da sassafe da jakar takardu, tana bin ƙauyukan Kebbe. Masu bincike na wata jami'a ta waje sunka ɗauke ta aiki, wai suna gwada halin mutanen ƙasashe, wa ke yarda da maƙwabci, wa ke son iyali. Ta tambaye mu da Hausa, a ruga ta tambaya da Fillanci. Ba ta fiddo takarda sai ta kama maki surfe tukuna.

Ran da ta zo gidana, tambaya ta faɗo kan ɗan fari. Ko ina kiran sunansa, ko ina yabonsa gaban mutane, ko ina rungumarsa. Duk na ce a'a. Wace mai kunya ce za ta ce i? Ɗan fari kakarsa ke goyonsa, ke kuwa ki binne masa nama ƙasan tuwo ki kau da kai. Haka duk matan garinmu sunka amsa. Takardar kuma ba gurbin bayani, i ko a'a kawai.

Mu'minatu ta ga inda abin zai kai. Ba wanda ya aike ta, ta sake bin gidajen nan da damina, tana rubuta kunyarmu da dalilinta a littafi. Mardiya, wata Bafillata da ke ruga, ta gan ta tana ƙetare rafi, ruwa a ƙugu, littafin bisa kai. Mu'minatu ta aika wa masu binciken bayanin. Sunka ce takarda ɗaya ce ga duniya duka, ba a canza ta don wasu ƙauyuka. Ta ce masu, "To ku cire mu gaba ɗaya, ya fi ku yi mana ƙarya." Ita sunka cire.

Rahoto ya fito, wai iyaye matan yankinmu sun fi kowa sanyin zuciya ga 'ya'yansu. Ɗana na fari, malamin makaranta a Tambuwal, ya karanta mani daga wayarsa yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Inna, har da ke aka tambaya?" Na duƙar da kai. Kunyar nan dai ta hana ni buɗe baki. Ya yi sallama ya tafi.

Mu'minatu, ke ce mai jin abin da ba a faɗa ba. Ke kaɗai kinka tsaya mana, kinka rasa aikinki a kai. Yau idonki ya yi rauni, gara ta fara cin littafin cikin akwatinki. Mun gode, Allah ya saka maki. Godiya ce kawai gare mu.

Ku masu rahoto, ku buga littafinta kusa da naku, da sunanta a kai. Ban sa rai za ku yi ba. Rabin matan da sunka amsa suna ƙasa, ni ma na kusa. Amma ku 'ya'yanmu da ke ɗaukar irin jakar nan, ku yi kamar ta, ku ƙi abin da kunka san ƙarya ne. Wani a cikinku ya kai wa ɗana littafin nan ya karanta, tun ina da rai. Ni bakina ba zai iya ba.