Ɗakin da Babu Gilashi

A duk kwarinmu babu wanda ya taɓa sayar wa Delphia Stamper ƙwai ba ta ɗaga shi ta haska a rana ba. Maƙwabciyata ce, shingen waya kawai ya raba mu, kuma tun muna 'yan mata na san ta da wannan hali. In an yi cin abinci a coci, sai ta ji wadda ta dafa kowane kwano kafin ta sa cokali. Wanda ya fito daga gidan da ake kiwon kyanwa kuwa, ko fasto ne ya miƙa mata, cewa za ta yi ta ƙoshi. Ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wake da burodin masara a kicin ɗin makarantar firamare. Mijinta ya ƙare tasa a ramin kwal, ƙura ta cinye masa huhu, ya bar mata ɗa guda, Wendell.

Wendell ƙato ne mai nauyin baki. Kafin ya haɗa magana ɗaya, uwarsa ta gama uku ta shiga ta huɗu. Da aka rufe ramin kwal ya koma buga-buga, yau gyaran rufi, gobe saran itace. Sai wata rana 'yan sandan gunduma suka zo suka tafi da shi, wai yana cikin waɗanda suka shiga tsohon ramin satar wayar tagulla, har aka fasa wa mai gadi kai. Alƙali ya sa belin da ko Delphia ta sayar da gidan da kajin ba zai kai ba. Haka ya zauna a gidan yarin gunduma, bayan kotu, yana jiran shari'a.

Delphia ba ta taɓa tambayarsa ko ya aikata ba. A wurinta bai aikata ba, magana ta ƙare. Abu ɗaya ta sa a gaba: kada bakinsa ya ba su abin da za su ɗaure shi da shi.

Kuma tana da dalili. Shekarun baya an tsare ƙanenta Hollis a wannan gidan. Ya kira matarsa ya ce ta matsar da motar daga bayan rumbu. Ranar shari'a mai gabatar da ƙara ya danna na'ura, muryar Hollis ta cika kotu, muna zaune muna ji. A kurkukun jiha ya mutu. Tun daga nan Delphia ta ɗauki waya kamar tukunyar da ke kan wuta, ba ta riƙe ta sai da tsumma.

Yanar ido ta hana ta tuƙi, don haka ni ke kai ta ziyara duk Asabar. Jaka a mota ake bari. A nuna katin shaida ta taga, a zauna a benci a jira ganduroba ya kira suna, sannan a shiga wani siririn ɗaki mai gilashi a tsakiya, kai da waya a hannu, naka da tasa a wancan gefen. A wajenmu Yari ma zaɓensa ake yi, kamar alƙalin gunduma. Hotonsa na yaƙin zaɓe yana nan manne a bangon ɗakin jira, yana murmushi. Delphia ba ta zaɓe shi ba, kuma ta tabbata ya sani.

"Glenna, kalli idonsa," in ji ta. "Duk inda ka zauna kai yake kallo."

"Hoto ne, Delphia."

"Na ce miki ba hoto ba ne?"

Ranar farko ta kafa wa Wendell doka. Babu maganar lauya, babu maganar kotu, babu sunan kowa. Babu rubutu, domin duk abin da ya fito daga gidan sai an karanta. In ya kira gida da yamma, tana ƙure sautin wayar saboda kunnenta, har ina ji daga barandata. Da farko muryar nan ta na'ura ta sanar cewa ana ɗaukar kiran. Delphia takan gaishe ta.

"Sannunku da aiki, masu saurare. Wendell, ka ci abinci?"

"Na ci, Mama."

"Me suka ba ku?"

"Burodi da yankan nama mai sanyi. Mama, jiya lauya ya..."

"Jar kazar nan ta daina ƙwai. Ina jin dila ke tsorata ta."

"Mama, ki bari in..."

"In ka sake, zan ajiye."

Kuma tana ajiyewa. Na sha ganin ta ajiye wayar ta tsaya a kanta har sai ta tabbata ba zai sake kira ba. Yana yi mata ciwo, ba ta ɓoye mini ba. Amma takan ce gara ya ji haushinta a gida da ya ji daɗinta a kurkukun jiha.

Lauyan da gwamnati ta ba shi wani saurayi ne mai fama da mura kullum. Ya kira ta sau da dama, ba ta ɗauka ba. Ta ce aljihun da ke biyan mai gabatar da ƙara shi ke biyansa, kuma ta gan su tare suna cin soyayyar kaza a shagon da ke kallon kotu. Ni ma na gan su, har suna dariya.

Ganye ya zube, ƙanƙara ta zo ta wuce, muna kan wannan hanya. A kan bencin ne Ronetta ta same mu. Yarinya ce siririya, mai aiki a gidan mai, gashinta kala biyu, ba ta iya zama shiru. Mijinta Denzil ɗaki ɗaya suke da Wendell, shi a gadon sama, Wendell a ƙasa. Ita ta fara gaishe mu.

"Ke ce Mis Delphia? Denzil ya ce ɗanki minshari yake yi kamar injin sare itace."

Delphia ta dube ta daga takalmi zuwa gashi. "Wa ya gaya miki sunana?"

"Ai yanzu ganduroba ya kira shi."

"Kunnenki da kaifi."

Ronetta ba ta ji zafi ba, ko kuma ta iya ɓoyewa. Duk Asabar sai ta matso kusa da mu. Ta gaya mana wane ganduroba ne ke da sauƙi, da cewa farar singileti kawai ake karɓa, sabuwa a ledarta. Ta miƙo mana alewa, Delphia ta karɓa ta jefa a kwandon shara a hanyar fita. A mota ta ce mini babu mai yawan alheri haka a bencin gidan yari sai wanda aka aiko. Duk wanda ya san gidan ya san yadda ake yi: a haɗa ka ɗaki da mai daɗin baki, ya kwashi hirarka ya kai, a rage masa nasa.

Ban gama yarda ba sai da aka sauya wa Denzil kaya. Wata Asabar muka hango shi ta gilashi, ya bar kaya masu ruwan lemo irin na kowa, yana sanye da kore, irin na amintattun da ake sa wa aikin kicin. Mutumin da bai daɗe da zuwa ba. Delphia ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ranar ta ƙara wa Wendell doka.

"Ko addu'a za ka yi, yi ta a zuci. Na saman nan ba barci yake yi ba."

"Denzil mutumin kirki ne, Mama."

"Shi ya sa aka ba shi koriyar riga."

Wajen lokacin shukar dankali Wendell ya canja. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. A ziyara sai ya riƙe wayar ya yi ta kallonta, ya buɗe baki, ta riga shi da labarin kaji ko na rufin coci. Wata rana ya ce, "Mama, akwai abin da ba zan iya faɗa ta wannan abin ba." Ta ce madalla, ashe ya fara hankali.

Asabar ɗin da ta biyo, Ronetta ta bi mu har wurin ajiye motoci. Ta kama murfin ƙofar kafin Delphia ta rufe.

"Mis Delphia, saƙo ne. Wendell ya ba Denzil, Denzil ya ba ni. Ya ce don Allah ki zo ranar Alhamis da hantsi."

"Ba a ziyara ranar Alhamis."

"Wannan daban ce. Akwai wani ɗaki kusa da ofishin Yari, babu gilashi. Tebur ne kawai da kujeru. Ya roƙa an ba shi."

"Me ya sa bai gaya mini da bakinsa ba?"

"Ya ce ya gwada. Yana cewa 'Yari' kika ajiye."

"Kuma me zai gaya mini a can?"

"Ban sani ba. Ya ce shi zai faɗa miki, yana riƙe da hannunki."

Delphia ta yi murmushin da na san ba na alheri ba ne. "'Yata, ke nawa aka rage wa mijinki?"

Ronetta ta saki ƙofar. Fuskarta ta yi ja har wuya. "Na dai isar," ta ce, ta juya.

Duk hanyar gida Delphia tana warware mini abin. Watanni suna saurare, ba su samu komai ba sai kaji. Shari'a ta matso, hannunsu babu komai. To me ya rage? A cire gilashi, a bar uwa ta rungume ɗanta, zuciya ta yi laushi, baki ya buɗe, na'ura kuwa tana maƙale a ƙarƙashin tebur. Yaushe Yarin da ba ta zaɓa ba ya fara yi mata kyauta? Ina tuƙi ina juya maganar, ban sami inda ta ɓalle ba.

Ranar Laraba da yamma wayar ta yi ta ƙara. Delphia tana zaune a baranda tana ɓarar wake, ba ta tashi ba. Ta ce in ta ɗauka zai roƙe ta, kuma in ya roƙe ta za ta je. Ranar Alhamis na leƙa ta shinge da makullin mota a hannu, na ce ko dai mu je mu tsaya a waje mu ga wa ke shiga. Ta ce a'a, yau guga za ta yi. A al'adarmu dangi ke kai wa wanda ake tsare da shi kayan da zai sa ranar shari'a, don kada ya tsaya gaban masu yanke hukunci da rigar fursuna. Ta samo kwat mai ruwan toka a shagon gwanjon coci, ta ƙara wa kafaɗun faɗi da hannunta. Ta wuni a kansa.

Ranar Asabar ta riƙo shi a maratayi, cikin leda. Ta miƙa katinta ta taga, ta ce ta kawo kayan kotu na Wendell Stamper. Gandurobar da ke wurin ta duba na'urarta, ta sake dubawa.

"Ba ya nan, Mis Stamper."

"Ina kuka kai shi?"

"An tafi da shi jiya da safe. Motar jiha."

"Ba a yi shari'a ba."

"Ba za a yi ba. Ya amsa laifinsa tun makon jiya, alƙali ya yanke. Shekara takwas. Lauyansa bai kira ki ba?"

Delphia ta dafa katakon tagar. Ta tambayi wane kurkuku. Matar ta ce ba a faɗa sai ya isa an yi masa rajista, kuma sabon zuwa yakan yi makonni kafin a bar shi ya kira gida, ziyara kuwa sai an tantance mutum. Ta sassauta murya ta ƙara da cewa Yari yakan ba wanda za a tafi da shi zama ɗaya da danginsa, babu gilashi. Shi ya kawo tsarin da ya hau kujerar.

Ronetta tana kan benci. Ba ta matso ba, mu muka wuce ta gabanta. Delphia ta tsaya, kwat ɗin yana jan ƙasa.

"Ya je ɗakin?"

"Ya je. Denzil ne ya kai masa kofi." Ta kalli kwat ɗin. "Ya roƙi reza ya yi aski. Ya zauna har lokacin ya ƙare. Ganduroba ya ƙara masa lokaci, ya kuma zama. Duk motar da ta tsaya a waje sai ya miƙe."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce kada a ga laifinki. Wai kina tsare shi ne."

Na kama hannun Delphia muka fita. Na shimfiɗa kwat ɗin a kujerar baya, na zaunar da ita, na ɗaura mata bel kamar yarinya. Tausayinta ya cika ni har na kasa tada motar. Tana da shekara saba'in da wani abu, kurkukun jiha kuwa yana can ƙarshen jihar, inda ni kaina ban taɓa tuƙawa ba.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta na dama.

"Glenna, kin san rabona da taɓa shi?"

Na ce ban sani ba.

"Ranar da suka zo kama shi. Ina soya dankali, ya miƙo hannu cikin kasko zai ɗauka." Ta rufe hannun a hankali. "Na buge masa hannu, na ce ya jira."