Mi Kag Gani, Ma'aruf?

Har yau a gidanmu idan yaro ya cika tambaya, sai ka ji wata tsohuwa ta ce, "Kai, Malam Attahiru, bar mu mu huta." Suna faɗa suna dariya, ba su san wanda suke ambata ba. Ni kuwa haushi abin yake ba ni, don kakata Ummul Khairi 'yarsa ce, kuma daga bakinta na ji yadda abin ya kasance.

Ya rayu a Araba tun Turawa ba su zo ba, lokacin da mutum ke tashi daga Illela ya shiga Ƙonni ba wanda ya tare shi a hanya. Ba wani shahararren malami ba ne, ba a taɓa aiko masa daga Sakkwato ba. Gonar gero gare shi, da jaki ɗaya, da zauren da yake karantar da samarin da suka sauke Alƙur'ani suka shiga littattafan fiƙihu. Abin da ya raba shi da sauran malamai shi ne ba ya ba da amsa da wuri.

Ɗalibi zai zo da mas'ala, ya durƙusa, ya zayyana ta. Malam zai yi ta shafa gemu har mai tambaya ya fara tsarguwa, sannan ya ce, "To, kai mi kag gani?" In ɗalibi ya ce, "An ce," sai Malam ya tare shi: "Wa yac ce? Ji kay yi ko gani?" Ranar karatun tsarki ba ya tsayawa a kan takarda. Ƙorai zai jera, wannan da ruwan tsamiya, wancan da toka, wani da ruwan tabki, ya ce kowa ya duba, ya sunsuna, ya ɗanɗana, ya faɗi wanda za a yi alwala da shi da kuma dalili. In ana karatun ɓarnar shanu a gona, sai ya mai da ɗalibi ɗaya manomi, ɗaya makiyayi, su yi ta kawo hujja har murya ta dushe. Washegari kuma ya ce su musanya. Wanda ya haddace magana ya kasa warware ta, Malam ya kan ce da shi aku, ya tambaye shi ko a kawo masa gyaɗa.

Iyaye da yawa ba su so wannan hanya ba, suka ce sun kawo 'ya'yansu neman ilimi an koya musu gardama. Waɗanda suka daure kuwa, da wuya ka ruɗe su da magana.

A cikinsu ba wanda Malam yake ji da shi kamar Ma'aruf, ɗan wasu Fulani makiyaya da ke zaune wajen Lafani. Dogo ne, mai sanyin murya, da wasu takalman fata da suka ci ƙasa. Shi kaɗai ne in an ce masa ya je ya duba, sai ya dawo da abin da Malam kansa bai hango ba. A hannun daman Malam yake zama. Kakata ta ce mahaifinta ya kan shigo gida yana murmushi shi kaɗai, ta san Ma'aruf ya ƙure shi ke nan.

Wata bazara rijiyoyi suka janye. Mutanen su Ma'aruf suka buɗe wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa da itace da ƙasa, suka tarar da ɗan ruwa a ƙasa, amma yana wari. Da hantsi Ma'aruf ya zo zaure ya ce, "Malam, ruwan ga ya canza. Wasu na cewa mushe na ciki, wasu na cewa daɗewa ta kawai. Ya halatta a yi alwala da shi?"

A nan ne abin yake. Kawun Malam mahaƙin rijiya ne, a gabansa Malam ya tashi. Ya san tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa tana tara muguwar iska, kuma masu sana'ar ba sa shiga sai sun zura fitilar aci-bal-bal da igiya. In wutar ta mutu, ba mai sauka. Maganar tana bakinsa, ya gaya wa kakata daga baya, har ya ja numfashi zai faɗe ta. Sai ya ga kyawun mas'alar. Ya ɗauka Ma'aruf zai ja guga ya duba ruwan, ya tambayi dattawa, wataƙila ma ya gano zancen fitilar da kansa, su sha hira a kai da yamma. Sai ya haɗiye maganar ya ce, "Ji kay yi ko gani? Tahi ka dubo, ka zo ka hwaɗa mini mi kag gani."

Ma'aruf ya yi dariya ya tashi. Ya ja guga, bai fito da komai ba sai baƙin laka. Saurayin da aka koya wa kada ya tsaya a kan zato, me kake tsammani zai yi? Ya tuɓe takalmansa a bakin rijiyar, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce 'yan'uwansa su riƙe. Sun ji yana magana, sannan suka daina ji. Kafin su jawo shi rai ya yi halinsa.

Ba wanda ya zargi Malam, kuma wannan ne ya fi ci masa rai. Mahaifiyar Ma'aruf, Inna Kubra, ita ta kawo masa takalman da kanta, ta ce, "Malam, kwana nai ya ƙare. Kai dai alheri kay yi mai." Ya karɓa. Ya ajiye su a ƙofar zaure daga dama, inda mai su ya saba tuɓewa, kuma ba a sake ɗauke su daga nan ba.

Daga ranar Malam ya daina tambaya. Kafin ɗalibi ya rufe baki ya ba shi amsa, ya ƙara masa da wadda bai nema ba. Aka mayar da ƙorai cikin gida mata suka ci gaba da aiki da su. Abin takaici, a lokacin ne zaurensa ya cika, iyaye suka ce ai yanzu Malam ya nutsu. Ya yaye ɗalibai masu yawa, kowanne yana maimaita maganarsa tiryan-tiryan, bai kuma sake ce da kowa aku ba. In ana karatu aka zo wuri mai wuya, sai a ga ya juya dama kamar mai jiran wani ya yi magana, ya daɗe a haka, sannan ya ci gaba.

Kakata ce kaɗai ta san zancen fitilar. Ita ma ya karantar da ita a cikin gida tun tana ƙarama, da irin waccan hanyar, kuma ta yi kewarta ƙwarai. Wata rana ta kawo masa mas'alar gado, ya fara zubo amsa, ta ce, "Baba, ka bari in hwaɗi da kaina mana. Ba rijiya ba ta." Ya dube ta, ya tashi ya fita, bai ci abinci ba ranar. Ta ce ba ta taɓa nadamar magana kamar wannan ba.

Ita ta riƙe hanyar bayansa. Haka ta karantar da matan unguwa, haka ta karantar da mu, da tambaya da jira. Sai dai in abu na da haɗari, wuta ne ko ruwa ko maciji, wannan ta kan faɗe shi ƙarara tun farko, har sau biyu, sannan ta bar mu da sauran.

Malam ya tsufa, idonsa ya tafi. Rijiyar an daɗe da cike ta da ƙasa, amma ya kan sa a ja shi zuwa wurin bayan la'asar, ya zauna a kan tudun. Ranar da zai rasu, da hantsi, ya ce a fito da shi zaure. Kakata na riƙe da kansa. Ya yi kalmar shahada, ya yi shiru, har ta ɗauka an gama. Sai ya juya fuskarsa dama, wajen ƙofa, inda takalman suke duk sun bushe sun tsattsage. Fuskarsa ta saki kamar ta da.

"Ka daɗe," in ji shi. "Zamna. To, Ma'aruf, mi kag gani?"

Ya karkata kunne, yana jira yadda ya saba jira. Kakata ta rantse ta ga ya gyaɗa kai.