Kitsen Da Na Ɗura Wa Ɗan Ƙanwata

Ni mahauci ne a kasuwar Tambuwal. Da ƙuruciya na taɓa dambe, ko da yake ƙasa ta fi sanin bayana fiye da yadda abokan karawa suka san hannuna. Boko kuwa leƙawa kawai na yi. Duk da haka, a lokacin gani nikai ba wanda ya kai ni sanin abin da ɗan dambe ke buƙata, wato nama.

Ɗan ƙanwata na Kebbe ya bar dambenmu na zare ya koma na safar hannu, har aka zaɓe shi cikin masu wakiltar Najeriya a gasar ƙasashe. Kafin su shiga sansani ya zo yi mini bankwana. Da na gan shi sai da na yi salati, siriri awa karan dawa. Ya ce mini a can kowa da rukuninsa, sai an ɗora mutum kan sikeli, in ya haura ko kaɗan an cire shi ke nan. Na ce sikeli ai na cinyar saniya ne, ba na mazaje ba, kuma ba zan bari jinina ya je gaban duniya kamar wanda ya tashi daga jinya ba. Na riƙe shi mako guda. Safe fura da nono, rana balangu da tozo, dare tuwo, na kuma raɗa wa mai ɗakina ta riƙa malala man shanu a ƙarƙashin miya. In ya janye hannu sai in janye nawa, in ce tunda abincin kawu ya zama guba, mu kwana da yunwa tare. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri, ya ci gaba da ci.

Bayan tafiyarsa ƙanwata ta kira ni, ko gaisuwa babu. Ta ce sikeli ya tona mini asiri, koci ya ba yaron 'yan kwanaki ya sauke nauyin, ko a ba wani kujerarsa a jirgi. An matsa masa ya faɗi abin da ya faru, ya ce shi ne bai kame bakinsa ba, bai ambace ni ba. Gudu yake cikin rigar ruwa da tsakar rana, abinci sai ɗan abin da zai riƙe rai. Ni kuwa ko tsoka na kasa kaiwa baki, abokan sana'a suna ta ce mini babban likitan 'yan dambe, in zo in duba musu raguna.

Allah ya taimake shi nauyin ya sauka daidai. A waya muka kalli wasansa, mun cunkushe a rumfa. Abokin karawarsa daga wata ƙasa, jikinsu ɗaya kamar tagwaye, ba mai taƙama da girma, sai ido da ƙafa da numfashi. Yadda yaron namu ke kauce wa naushi ya mayar, wallahi a zamanina ban ga irinsa ba. Ya ci wasan farko, a na biyu aka fi shi maki, ya rungume wanda ya ci shi. Da na kira in nemi gafara, ya ce shi bai san laifin da nake magana ba.

Na gane cewa ladabinsa na yi amfani da shi, na kusa rushe masa wahalar shekaru. 'Yan'uwana dattawa, in yaro ya ce aikinsa na da doka, ku saurara ko da ba ku gane ba. Wanda ba zai iya ce maka a'a ba, kai ne za ka ce wa kanka.