Rahoton da Ya Cika Kyau

Shekarar da na fara aiki a Lyon, ni ce mai karanta rahoton rumbun bayanan kamfaninmu: tambaya nawa ma'aikata suka aika wa rumbun, kuma wane lokaci ya ɗauka kafin ya ba da amsa. Mai kula da rumbun yana babban ofis a Paris. Mutumin Damagaram ne, shi ya sama mini aikin, Yaya nake ce masa.

Wani mako rahoto ya zo da kyau fiye da kima. Matsakaicin lokacin jira ya faɗi ƙasa sosai, har shugabanmu ya turo saƙon yabo. Amma ma'aikatan sitonmu na Bron, a gefen Lyon, ba su daina kirana ba, wai kwamfuta tana tsayawa cik. Sai na bar matsakaicin na duba yawan tambayoyin. Sun ragu, alhali odar kaya ba ta ragu ba. Da na tona, na tarar an sa wa rumbun iyaka: duk tambayar da ta daɗe, a katse ta. Wadda aka katse kuwa ba ta shiga lissafi, masu saurin kaɗai ake ƙirgawa. Mutum ɗaya ne ke da ikon taɓa wurin.

Na yi ta juya abin a raina. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, muka haɗu da Yaya a wani gidan abinci a unguwar Barbès. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, tambayoyin da ake katsewa, ina suke shiga?"

Ya ajiye cokali. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Ni na sa iyakar, ƙanwata, don kada rumbun ya durƙushe. Wallahi ban lura rahoto yana tsallake su ba."

Ya faɗa tiryan-tiryan, kamar wanda ya riga ya tanadi amsa. Ko kuwa gaskiyar ce kawai, ban sani ba.

Ranar Litinin, kafin in buɗe baki, ya rubuta wa shugaba cewa ya gano kuskure a rahoton. Bai ambace ni ba. Aka gyara, alƙaluma suka koma munana yadda suke, aka ƙaro wa rumbun ƙarfi.

Har yanzu muna gaisawa, yana tambayar lafiyar mutanen gida. Amma duk saƙon aiki da zan tura masa, sai na haɗa da shugaba.